Abin da Ya Kai Malam Nasidi Keffi

Duk wanda ya yi firamare a Ƙofar Jatau a shekaru arba'in ɗin nan, da wuya a ce bai bi ta hannun Malama Zuwaira ba. Doguwa ce siririya mai ƙaramar murya. Ba ta duka, ba ta zagi, amma in ta tsaya a bakin aji ta yi shiru, ajin ma sai ya yi tsit. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da lissafi, ta yi ritaya da tabarau da ciwon gwiwa, ta koma ɗakinta a babban gidansu na gado, gidan da zaurensa ya girmi duk wani mai rai a unguwar.

Gida ne irin na cikin birni, sassa bakwai, lungu cikin lungu. Tun kaka da kakanni ba su cika kai 'ya'yansu waje aure ba. Ɗan wannan sashe ya auri 'yar wancan, a yi biki a gama amarya ba ta taka titi ba. Tuwona maina, in ji su, kuma suna alfahari da hakan. Namiji ɗaya aka san ya saɓa, shi ne kakan Zuwaira na wajen uba, Malam Nasidi, wanda ya bar Zariya tun zamanin Turawa, ya tafi Keffi ya auri wata Mairo, ya zauna can har ya mutu. Ba a ambatonsa da alheri a gidan. Labarin da Zuwaira ta tashi tana ji shi ne, matarsa ta fari, Sailuba 'yar baffansa, ta rasu, baffan ya yi masa karamci ya ce ga ƙanwarta Jamilatu ta maye ɗakin, shi kuwa ya dubi tsabar idon dattijon a zaure ya ce ba ya so. Wasu su ce matan Keffi suka yi masa asiri a wajen fatauci. Wasu su ce girman kai ne kawai irin na mai ɗan karatu.

Mahaifin Zuwaira, Bashir, ɗan Nasidi da Mairo, ya zo Zariya neman ilmi yana ɗan shekara goma sha bakwai, bayan rasuwar ubansa. Gidan ya karɓe shi, an ba shi ɗaki an yi masa aure, amma har ya yi furfura ana ce masa ɗan Keffi. Shi ya sa ya toshe wannan ƙofar gaba ɗaya. Ba ya zancen garin, kuma tun da ya je jana'izar mahaifiyarsa bai sake takawa ba. Ranar da Kabir, jikan Jamilatu, ya aiko neman auren Zuwaira, Bashir ya fi kowa murna, don a ganinsa ɓarakar da ubansa ya yi ce Allah ya kawo ranar ɗinke ta. Ita ma Zuwaira tana son Kabir, ba a ɓoye ba. Mai aikin riga ne, yana zama a zaure da allura da zare daga hantsi zuwa la'asar, mutum mai sanyin hali wanda dariyarsa ba ta fita waje. An ɗaura auren a 1981, shekarar da ta gama kwalejin malamai.

Ɗansu na fari, Umair, shekara huɗu ya yi a duniya. Idonsa ya riƙa yin rawaya, cikinsa ya kumbura, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Wata safiya cikin damina ya ce ƙafarsa, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ta biyu, Ihsan, ta kai shekara tara. Yarinya ce mai surutu da son ado, amma ba ta taɓa yin wata uku cur ba tare da ta kwanta ba. In ciwon ya tashi sai ta riƙe ƙarfen gado tana cewa ana sara mata ƙashi da gatari. Ta uku, Rukayya, lafiyarta lau, ko zazzaɓi bai cika kama ta ba. Zuwaira na da cikin na huɗu wata bakwai wani likita ya sa aka ɗebi jininta da na Kabir. Ya zaunar da su ya ce abin da ke damun Ihsan sikila ce, kuma ba daga mutum ɗaya take zuwa ba. Uwa na ɗauke da rabi, uba na ɗauke da rabi, su ba ya yi musu komai, sai in rabin biyu sun haɗu a jikin ɗa.

Suka kamo hanyar gida har suka shigo lungunsu. A nan Kabir ya tsaya ya ce, "Wannan magana ta tsaya tsakaninmu. In ta shiga gidan nan, za a ce mun ce jinin gidan ba shi da kyau."

Ta ce, "To, Malam."

Cikin da take ɗauke da shi shi ne Suhail, shi ma da ciwon ya zo. Daga kansa suka tsayar da haihuwa. Ihsan ta rasu yana ɗan shekara biyu. Kabir ya bi ta bayan shekara goma sha takwas, hawan jini ya kayar da shi a kan rigar da yake aiki. Suhail kuwa ya yi ta jan rai. Ya gama sakandare da ƙyar, ya koyi gyaran waya, ya buɗe ɗan shago a Kongo inda ɗalibai ke kai masa aiki. Zuwaira ta san hanyar asibiti kamar hanyar ɗakinta, ta san wanda zai ba da jini a unguwa da wanda zai ce ba shi da lafiya. Har ta fara sa rai wannan zai binne ta. Yana da shekara ashirin da tara, a daminar 2021, ruwa ya dake shi a hanyar dawowa daga shago. Kwana biyar ya yi.

Ranar sadakar uku mata suka cika tsakar gida. Surukarta, Hajiya Rabi, uwar Kabir kuma 'yar Jamilatu, tana zaune kan darduma da carbi, ta haura tamanin amma muryarta na nan daram. Wata baƙuwa ta tambaya a hankali ko wane irin ciwo ne wannan da ya bi 'ya'yan Malama ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Rabi ta ce, "Ai ba ciwon gidan nan ba ne. Daga Keffi aka kwaso mana shi. Wanda ya bar gida ya je ya ɗebo jinin da bai san asalinsa ba, ai sai abin da ya gani."

Zuwaira na kusa, ta ji. Ba ta ɗago kai ba. Amma ta san abin da ba wanda ya sani a wurin: Kabir ba shi da ɗigon jinin Keffi a jikinsa, uwa da uba duk 'yan gidan ne, kuma shi ma yana ɗauke da rabin. Ashe ciwon ɗan gida ne. To in haka ne, me ya fitar da Nasidi? Ruwa ba ya tsami banza. Mutum ba ya barin ɗakin ubansa da makarantar zaurensu ya tafi garin da ba shi da kowa don kawai an yi masa tayin mata.

Bayan arba'in ta sayi littafin rubutu mai kauri, irin wanda take rubuta darasi a ciki, ta fara bin tsofaffin gidan da na unguwa. Ba ta ce musu komai game da ciwo ba. Cewa ta yi tana so ta rubuta asalin gida saboda jikoki. Tsofaffi na son irin wannan tambaya. Sai su gyara zama su jero mata wane ya haifi wane, wa ya je Makka a ƙasa, wa ya yi alƙalanci. Ita kuwa sai ta bari sun gama, ta ce, "Su ke nan 'ya'yan nata? Ba wanda ya rasu yana ƙarami?" Nan hira ke sanyi. Wata ta ce, "Wa ke ƙirga waɗannan?" Wata ta lanƙwasa yatsu, ta ce huɗu, ko biyar, wabi ta yi ta yi. Sunayen ma sun ɓace. A maƙabarta babu alama, ƙasa ta daɗe da shafewa.

Wata takwas tana wannan aiki. Ta ja layi daga kowane aure zuwa 'ya'yansa, ta sa ɗigo da jan biro a kan duk wanda ya mutu bai kai shekara goma ba. Da ta buɗe shafukan a kan gado ta duba, sai ta ga jan bai bazu ko'ina ba. Ya taru ne a wasu ɗakuna, kuma duk auren gida ne. Game da Nasidi kuwa, ba ta samu komai ba sai tsohon zagin nan. Ko yawan 'ya'yan da ya haifa da Sailuba ba wanda ya iya faɗa mata.

Abin da ya buɗe mata hanya a adakar mahaifinta yake, wadda ba a taɓa ba tun rasuwarsa. A ƙarƙashin tsofaffin riguna ta tarar da wasiƙa cikin ambulan, da hatimin gidan waya na Keffi, 1980. Wani Abdulwahab ne ya rubuto, ɗan ƙanin Mairo. Layi biyar ne. Yana gaisuwa, yana cewa littattafan Malam Nasidi na nan a wurinsu, gara na neman cinye su, Bashir ya zo ya ɗauki kayan ubansa. Babu alamar an ba da amsa.

'Yarta Rukayya, wadda ke aure a Kaduna, ta so hana ta tafiyar. Ta ce, "Mama, hanya ba lafiya, gwiwarki ba lafiya. Mutumin nan ma wa ya sani ko yana raye? In kin gano dalilin, zai dawo da wani ne?"

Zuwaira ta ce, "Ba zai dawo da kowa ba. Ina dai so in sani."

Ta kwana biyu a Kaduna, ta shiga mota zuwa Keffi. Sai da ta yi tambaya a masallatai uku kafin wani mai sayar da turare ya gane wanda take nufi, ya kwatanta mata gidan. Malam Abdulwahab na raye. Tsoho ne ɗan tamanin, ido ɗaya ya tafi, yana zaune a kan buzu a ƙofar ɗaki. Da ta faɗi ko ita wace ce, ya daɗe yana kallonta da idon da ya rage.

Ya ce, "Shekara arba'in da biyu ina jiran Bashir, ashe 'yarsa ce za ta zo. Yana nan?"

"Ya rasu, Baba. An yi shekara ashirin da huɗu."

Ya yi masa addu'a. Aka kawo mata ruwa da fura, ta yi salla, sannan ya sa aka jawo wata tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin gado. Yana kwance igiyar yana ba ta labari. Ya ce yana ɗan shekara takwas Nasidi ya rasu, amma yana tuna shi. Mutum ne mara yawan magana, yana saro goro yana karantar da manya bayan la'asar. Abin da aka fi tunawa da shi, in ji tsohon, shi ne yadda ya nemi auren. Da ya sauka daga jirgin ƙasa a Gudi ya ƙaraso Keffi, shekara guda ya yi bai nemi kowa ba. Da ya ga Mairo, bai tambayi kyau ko dukiya ba. Zuwa ya yi wurin ubanta ya ce a faɗa masa 'ya'ya nawa uwarta ta haifa, nawa suka rayu, haka kakarta, haka 'yan'uwan ubanta, kuma ko gidan na da wata dangantaka da Zazzau ko ta nesa. Har uban ya fusata, ya ce shi aure ya zo nema ko ƙidaya. Daga baya ya ba shi.

Zuwaira ta ce, "Bai taɓa faɗin dalili ba?"

"Gwaggo Mairo ta ce in Bashir ya yi zazzaɓi, Malam ba ya iya cin abinci. Sai ya zauna yana buɗe idon yaron yana dubawa. Ban da wannan ban sani ba. Amma akwai takarda a nan, wataƙila ke ta yi miki amfani. Ni na karanta ta tun da ido biyu, na ga maganar gidanku ce, ba tawa ba."

Gara ta ci gefen littattafan, amma takardar na tsakiyar wani babba, ta tsira. Warƙa biyu ce, an rubuta da tawadar gargajiya cikin ajami, ta yi launin ƙasa. Zuwaira ta yi makarantar allo, ta kuma saba da rubutun tsofaffin malaman gidansu. Ta gyara tabarau ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa.

Daga Nasidi ne zuwa ga baffansa Malam Zailani, uban Sailuba da Jamilatu, shekara biyu bayan barinsa gida. Bayan gaisuwa da ban girma ya ce: "Baffa, ban ƙi Jamilatu don raini ba. Kunya ce ta hana ni faɗin dalili a zaure gaban mutane, ga shi na rubuto. Ni da Sailuba mun haifi shida. Biyar na ɗauka da hannuna na kai, duk da ciwo iri ɗaya, ciwon ƙashi da rawayar ido. Na shida ya tafi tare da uwarsa. Ban iya sake wannan da ƙanwarta ba."

Daga nan ya jero sunayen 'ya'yan shida, har da na cikon da bai kai ranar suna ba, ya ce a ransa ya sa masa. Sannan ya shiga lissafa auren gidan ɗaya bayan ɗaya, tun daga na kakanninsa, wa ya auri wa, nawa aka haifa, nawa suka tafi da irin wannan ciwo. Ya ware mata uku da aka aurar wa baƙin malamai daga wasu garuruwa, ya ce a 'ya'yansu bai ji mai ciwon ba. Zuwaira ta ajiye takardar ta buɗe littafinta a gefe. Ɗakunan da ya ambata su ne tushen ɗakunan da jan birota ya taru.

A ƙarshe ya ce: "Ban ce na san gaibu ba, rai da ajali na Allah ne. Amma Allah ya ba mu ido. Na tambayi wani Bafulatani a hanyar fatauci don me yake nemo bijimi daga wani garken, ya ce in garke ya daɗe yana hawan kansa, 'yan maruƙa ba sa tsayawa. Ina roƙon Baffa, don Allah a riƙa kai 'ya'yanmu waje, a riƙa kawo na waje. Kada a haɗa zuriyata da ta gida ko bayan raina."

Ta juya bayan takardar. Akwai layi ɗaya da wani hannu dabam, tawadar ta fi baƙi: "An karanta. Kada ka sake aiko mana."

Malam Abdulwahab ya ga ta ƙura wa layin ido, ya ce, "Lafiya, 'yata?"

Ta ce, "Baba, wasiƙar da ka aika wa mahaifina, saura shekara ɗaya a ɗaura mini aure ta iso."

"Wa kika aura?"

"Jikan Jamilatu."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "'Ya'ya fa?"

"Huɗu. Saura ɗaya."

Ya ɗaure jakar ya tura mata gabanta. Washegari aka raka ta maƙabarta, aka nuna mata wajen da ake kyautata zaton nan Nasidi da Mairo suke, ta yi musu addu'a daga bakin shinge, ta kamo hanya.

Kwana uku da dawowarta ba ta fita ba. Rana ta huɗu da hantsi ta dama kunu ta kai wa Hajiya Rabi kamar yadda ta saba tun rasuwar Kabir. Ta jira tsohuwar ta sha, ta kurkure baki, sannan ta ce, "Gwaggo, na je Keffi."

"Na ji."

"Na samo wata takarda da kakana ya aiko gidan nan. Ina so in karanta miki."

Hajiya Rabi ta ajiye ludayi. Ta ce, "Ta shanun?"

Zuwaira ta ce, "Kin san da ita?"

"Ba a haife ni ba lokacin. Inna ce ta ba ni labari, ba sau ɗaya ba. A zaure aka karanta ta, maza duk suna nan, ita tana bayan ƙofa tana ji. Ya ƙi ta a gaban jama'a, bai ishe shi ba, sai da ya aiko takarda ya haɗa mu da shanu. Shekara uku ba wanda ya nemi Inna saboda wannan magana. Har ta mutu in an ambaci sunansa sai ta tofar da yawu."

"Ta gaya miki ya ce kada a haɗa zuriyarsa da ta gida?"

Tsohuwar ta ɗauki carbinta ta riƙe, ba ta ja ba. "Ta gaya mini."

"Kuma kika zo da kanki neman aurena wa ɗanki."

"Na zo. Ina so a rufe bakin masu cewa jininmu na da aibu. Na ce in an haɗa ku aka haifi 'ya'ya lafiyayyu, ƙaryarsa ta ƙare." Ta ɗago ta dubi Zuwaira. "Da Umair ya fara rawayar ido na tuna. Da Ihsan ta kwanta na tuna. Kina tsammani ke kaɗai kika binne su? A cinyata Ihsan ta cika, kina wajen kiran mota."

"To don me kika ce daga Keffi aka kwaso?"

"Me kike so in ce wa baƙuwa a gidan makoki? In ce ni ce?"

Zuwaira ta buɗe baki, tsohuwar ta riga ta.

"Ke ma kada ki zauna kina kallona haka. Kabir ya gaya mini abin da likita ya ce muku, kafin ya rasu da shekara biyu. Shekara talatin ke nan kin sani, da iliminki da komai. Aure nawa aka ɗaura a gidan nan a gabanki? Kin yi anko, kin ɗauki ƙwarya kin yi guɗa. Wa kika faɗa wa?"

Zuwaira ta jawo kwanon kunun gabanta. Ta ƙirga daga baya, a littafinta: aure tara. A biyu daga ciki akwai jan ɗigo, kuma da hannunta ta sa shi ba tare da ta tsaya ta yi wannan tunanin ba. Ta ɗauki kwanon kunun ta fita. A bakin rijiya ta tsuguna kamar mai wanke-wanke, ta daɗe a wurin kwanon na hannunta.

Satin da ya biyo ta tafi Kongo, shagon da ke kusa da wanda Suhail ya bari, ta sa aka yi mata hoton takardar guda bakwai. Ta juya ajamin zuwa boko da hannunta, ta ƙara shafi ɗaya a baya, inda ta rubuta sakamakon gwajin jininta da na Kabir, da sunayen 'ya'yanta uku da shekarun da kowanne ya yi. Ta bi sassan gidan ɗaya bayan ɗaya ta miƙa wa kowane maigida tasa. Ta ce ba ta ce a daina auren zumunci ba, ba ta ce kuma na waje duk lafiya ba ne. Abin da take roƙo a yi gwajin jini kafin a sa rana.

Sashe biyu suka karɓa suka yi godiya. A ɗaya daga ciki an gwada wasu da aka riga aka yi wa baiko, aka tarar duk suna ɗauke da rabin, aka fasa. Uwar yaron ta daina gaisawa da Zuwaira, har yau in sun haɗu a lungu sai ta juya fuska bango. Wani maigidan ya ce tonon asiri ne, yanzu wa zai nemi 'ya'yansu in magana ta fita unguwa. Wani ya ce shi bai ga abin da takardar mataccen da ya gudu za ta koya masa ba game da ƙaddara. Sauran suka karɓa suka sa ƙarƙashin katifa.

Hajiya Rabi ta rasu a azumin da ya biyo baya. Zuwaira ce ta yi jinyarta wata huɗu, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, kuma ba su sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ranar da za ta cika ta kama hannun Zuwaira ta riƙe tamau, leɓenta na motsi. Zuwaira ta kai kunne, ba ta ji komai ba sai numfashi.

Yanzu Malama Zuwaira na da shekara sittin da 'yan kai. Tana koyar da matan aure karatu a wata islamiyya kwana uku a mako. Rukayya ta yi ta roƙonta ta koma Kaduna, ta ƙi. Littafin ya cika, ta sayi na biyu, don 'yan'uwan Mairo na Keffi sun fara kiranta a waya suna ba ta nasu sunayen.

Bara aka ɗaura wani auren gida a sashen da ke bayan nata, ba a yi gwaji ba. Uban angon ya ce a bar wa Allah ikonsa. An haifi 'ya mace, kyakkyawa mai yawan gashi. Zuwaira ta je suna, ta kai atamfa da sabulu. Tun daga ranar, duk Juma'a in ta dawo daga gaishe-gaishe sai ta leƙa ɗakin. Ciwon ba ya nuna kansa a farkon watanni. Sai wajen wata shida yake fara taɓa jariri, kuma sau da yawa ta yatsun hannu da na ƙafa yake farawa, su kumbura su yi zafi.

Juma'ar da ta wuce ta yi sallama ta shiga, ta tarar da uwar na shayarwa. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da biyu, ta taɓa zama a ajinta. Tana ganin Zuwaira ta jawo zani ta rufe hannuwan jaririyar.

Zuwaira ta zauna a bakin gado ta ce, "Watanta nawa yanzu?"

"Biyar da sati biyu, Malama."

"Kin yi wa mijinki maganar gwajin? Ana yi wa jarirai ma. In an sani da wuri, akwai abin da ake ba su."

Yarinyar ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Na yi. Ya ce in bari sai an ga wani abu tukuna."

Zuwaira ta gyaɗa kai. Ta tambaye ta ruwan nono, ta tambaye ta ko ana kunna mata maganin sauro, ta ce a riƙa sa wa jaririyar safa in hadari ya haɗo. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce sai wata Juma'ar.